Mandazi Mai Zafi

"Idan na dawo ba ki taɓa ba, zan ƙara miki wani," in ji likitar da ke gwajin. Ta ajiye wa yarinyar mandazi mai zafi, wani irin fanke, ta fita.

Uwar na leƙe ta taga. Makaranta ta ce 'yarta ba ta da natsuwa, sai an gwada ta kafin ta koma aji. Tun asuba suka kamo hanyar birnin Kisumu.

Ƙofa ba ta gama rufuwa ba yarinyar ta wawuri mandazin. Uwar ta runtse ido. Shi ke nan.

Sai ta ji ana jan zanenta.

"Mama, ungo, ci da zafinsa. Ba ki karya ba, kunun ma ni kika bar wa."