Kayen da Kwamanda Ya Karanta

Shekarar fari, jandarma ya fiddo wata 'yar lakwal daga aji, ya tsayar da ita gaban kwamanda. Bisa tebur ga kayenta, littafin labarin soyayyar da take rubuta wa 'yan matan Tasawa. Cikin jakar ɗiyarsa kwamanda ya tsince shi. Ta saddaƙar kora ce daga lakwal, ko kaso.

"Ke, kyakkyawan sojan nan na labarinki, wa kike nufi?"

Ta dubi tumbinsa. "Kai ne, ranka shi daɗe."

Ya murza gashin baki. "Kowane babi, za ni ba ki tiya biyar ta hatsi."

Da ma ta shirya jefa sojan rijiya a babi na gaba. Tana fitowa ta dubi sama, babu ko gajimare. To, sai dai shi rayu har kaka.