Jif Ɗaya, Akwatunan Ashana Huɗu

Sallau, tunda ka nace sai ka shiga harkar mota, aje wayar nan ka ba ni kunnenka. Kai dai ba ka da aiki sai latse-latse!

An yi wasu dillalan mota biyu da ke kasa motocinsu a fili ɗaya a bakin titi. Ɗaya mai ƙarfi ne, motocinsa sun kusa ashirin. Ɗayan kuwa shanun gadonsa ya sayar kaf ya sayi jif guda ɗaya, baƙa wul, sai ƙyalli take yi. Ita ce jarinsa, in ta tafi a banza sai dai ya koma ƙauye, ba saniya ba mota. Bawan Allahn nan ba ya rabuwa da rediyo. Wata tsohuwa ce da aka ɗaure murfin batirinta da roba, kullum tana manne da kunnensa, har abokan sana'a suka sa masa suna Wakilinmu na Ƙasashen Waje. Wata safiya ya ji an ce wasu ƙasashe masu arzikin mai sun fara nuna wa juna yatsa, jiragen ruwa masu dakon mai sun soma gudun wata mashigar teku. A makon nan kuma wani malamin makaranta ya zo duba mota. Bai ƙwanƙwasa jikinta ba, bai leƙa kujeru ba, abin da ya fara tambaya shi ne lita nawa za ta sha daga nan zuwa Funtuwa. Kwana biyu, wata ungozoma ta zo da irin tambayar. Wakili ya auna abin, sannan ya tashi ya sami maƙwabcinsa mai ƙarfin nan ya ce a yi musanye, ya ba da jif ya karɓi ƙananan motoci huɗu da suka yi wata bakwai a bayan fili ba mai taya su. Kai! Maƙwabci har rawar jiki yake wajen miƙa makullai, kada mahaukacin ya warke kafin a sa hannu. Fili ya ɗauki shewa, aka ce Wakili ya sayar da giwa ya sayo akwatunan ashana.

Sati shida ba wanda ya taya ko ɗaya. Tsoro ya kama shi sosai, ya rame, amma kowace safiya sai ya wanke su tas ya koma bencinsa da rediyonsa. A na bakwai rikicin can ya zama yaƙi, kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabo, layi a gidajen mai ya kai har gada. To, sai ka zo ka ga ikon Allah! Malamin nan ya dawo da sassarfa ya ɗauki ɗaya, ungozoma ta ɗauki ɗaya. Ta uku mutum biyu suka kama ƙofarta kowa na rantsuwa shi ya riga. Ta huɗu kuwa wani ƙaton Alhaji ne, wanda da ko kallonsu ba ya yi, ya naɗe babbar riga ya dunƙule ya shige, rufin ya tuge masa hula, ya leƙo ta taga yana dariya yana cewa ai daidai shi aka ƙera ta. Wakili ya yi murna har da hawaye. Ya sayi shanu ya mai da ƙauye, ya saro wasu ƙananan, ranar kuma duk wanda ke filin ya ci tsire a aljihunsa, har da masu shewar. Jif ɗin fa? Tana nan inda aka aje ta, har wata kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinta. Wata safiya sai ga maƙwabcin ya jawo kujera ya zauna kusa da benci, ya yi gyaran murya ya nuna rediyon ya ce, "Wakili, don Allah ɗan ƙara mata murya."

Don haka in ka je filin nan gobe, kada ka tsaya kallon fenti. Saurari abin da mai saye ya fara tambaya, ka saurari abin da duniya ke ciki. Hausawa sun gama magana: Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.