Tarin Inna a Cikin Matashi

Ranar da muka fito da gawar Inna, ranar mai gidan haya ya san tana gidansa.

Dokarsa ɗaya ce: ɗakin da ya ƙaru da mutum, hayarsa ta ƙaru. Ni kuwa ɗinki ya ja baya, sai na shigo da ita a ɓoye. Takalmanta suka koma ƙarƙashin gado, zannuwanta muna shanya su cikin na matata. In tari ya taso mata, sai ta danna fuska a matashi. Asibiti ma ta ƙi, don ƙofar gidan ɗaya ce, kuma a bakin ƙofar mai gidan yake wuni.

“Inna, yi tarinki, a ji mana!”

“Ji da keken ɗinkinka, ɗan nan. Ni da na ɓoye cikinka wata biyar, tari ne zai gagare ni?”

Mai gida ya bi mu har maƙabarta, har da kama makara. Da muka dawo ya riƙe hannuna, idonsa jajir.

“Allah ya jiƙanta, tela. Uwa ba wasa ba.” Sai ya sassauta murya. “Ba yau ba, sai an share makoki. Amma wata nawa ta yi a ɗakin?”