Goyon da Kaka Ta Shiga Jirgi da Shi

"Malam, jaririn nan naka ya fi matuƙin jirgi kaya," in ji mai awon kaya a filin jirgin sama.

Maigida ya share gumi. Ga keken jariri, ga bahon wanka, ga kunzugu buhu guda, duk na ɗansa ɗan wata huɗu. Ya yi magiya har aka karɓi komai, ban da jakar madara da fulas. Gwaggo, wadda ta rako su, tana gefe riƙe da jaririn.

"Wuce kawai, ka bar ni da su," in ji Kaka, mahaifiyarsa.

Ya ja matarsa suka yi gaba. Da ya waiwaya, sai ya hango Kaka tafe da goyo cikin mayafi, tana jijjigawa, ana ba ta hanya. Hankalinsa ya kwanta.

Bayan sun zauna, ma'aikaciyar jirgi ta kawo ɗan bel na jarirai.

"Baba, a sauko da shi, za mu tashi," ta ce wa Kaka.

Kaka ta kwance zani, ta dire jakar madara a cinya tana murmushi. "Ba sun ce ba za ta shiga ba? To ga ta."

"Inna, yaron fa?"

"Ba yana wajen uwarsa ba?"

Matarsa ta dafe ƙirji. Maigida ya leƙa taga.

Can bayan gilashin 'yan rakiya, ga Gwaggo rungume da jaririn, ta ɗaga ɗan hannunsa tana musu sai an dawo.