Baƙin Katin da Alhassan Ya Jefa

A kulob ɗin ma'aikata na Minna, Alhassan ne zai jefa katin farko. A wasan biriji, da launin da abokin wasanka ya kira ake farawa, kuma Theresa da ke fuskantarsa ja ta kira. Ya daɗe yana juya katunansa, sannan ya jefa baƙi.

Ta ɗago ido. "Shekara biyu ba ka taɓa saɓa mini ba. Me Hajiya ta ce kan aurenmu?"

"Ta ce ba da yawunta ba." Ya miƙa hannu zai janye katin.

Ta danne shi da yatsa. "Bar shi, Alhassan. Wanda ya taɓa tebur ba ya komawa hannu."