Dagacin da Ya Ɓoye Garinsa a Gonar Dawa

Tunda rawani ya hau kanka, malam, gyara zama ka ji misalin wani da ya riga ka ɗaura shi.

An yi wani dagaci a wani ɗan ƙauye, mai son jama'arsa kamar ransa, sai dai akwai shi da riƙon tsohon wayo. Ya taso yana ganin duk ranar da masu ƙidaya suka doso gari, mahaifinsa kan kora magidanta daji, don a wancan zamanin kan mutum ake bi a yanka haraji. Ran nan sai labari ya iso cewa gobe ma'aikatan ƙaramar hukuma za su zo ƙirga mutane. Dagaci ya yi tsalle ya dire, ya ce ga ranar gadon gidansu ta zo. Gari na wayewa ya sa aka yi shela, aka kwashi jama'a kaf, maza da mata, da na goye da na hannu, aka tura su cikin gonakin dawa, tsofaffi kawai aka bari. Kaka ta gabato, dawa ta fi mahayin doki tsawo. Ana ta dariya, ana tuntuɓe da ƙoren fura, kai ka ce biki za a. Kafin su shige ya ja musu kunne cewa mutanen birni makirai ne, ko muryarsa suka ji tana kira kada wanda ya fito, tilasta shi aka yi.

Ma'aikata suka iso suka tarar da tsofaffi 'yan ƙalilan, da awaki suna lasar turame. Dagaci ya shimfiɗa musu tabarma yana marairaice fuska, cikinsa kuwa fari fat don murna. Shugabarsu ta zaga gari, ta dawo tana girgiza kai, ta ce, "Kayya, ranka ya daɗe. Rijiyar burtsatse guda ce a hannunmu, kuma inda jama'a suka fi yawa za a haƙa ta. Da alama ta ƙauyen bayan tudu ce." Wohoho! Garin da mata ke wuni a bakin rijiya da rani suna jiran ruwa ya taru! Dagaci ya rantse mata mutanensa sun ninka na bayan tudu, ta ce kowane dagaci haka yake faɗa, ya nuna su. Ya zabura, ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya sheƙa bakin gona, rawani na warwarewa a bayansa, yana ƙwala kira, "Ku fito! Wallahi ku fito, ruwa ne!" Jama'a na jinsa sarai. Suka ƙara lafewa, suna toshe bakin yara, suna taɓa juna suna yaba yadda dagaci ya iya wasan. Ya kira ƙaninsa da suna, ya kira matarsa, har muryarsa ta dushe, ko kara ɗaya bai motsa ba. Sai da ƙugin motar ma'aikatan ya yi nisa suka ɓullo da guɗa, suka ɗaga shi sama suna yi masa kirari, shi kuwa hawaye yake yi.

Har yau matan garin kan haura tudu da jarkoki, mutanen can na tsokanarsu, wai ashe a cikin dawa ake haihuwar mutane. Wayon mahaifinsa ba ƙarya ba ne a zamaninsa, ɗan ne bai tsaya ya saurari ganga ba ya hau takawa. Shi ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.