Maginin da Ƙafarsa Ta Daina Jin Tsakuwa

Baffa, tun da na dawo kake cewa ƙafata ba ta san zama ba. Na yarda. To amma yawon nan ya nuna mini wani abu, kuma da na ji an ce ka hana a duba maka ƙafa a asibiti, shi ya faɗo mini a rai. Ba wa'azi ba ne, wane ni. Misali ne kawai.

A wani gari da na taɓa zama akwai wani dattijo maginin tukwane, wanda randarsa ke sanyaya ruwa ko a tsakiyar bazara. Gwanintarsa a ƙafa take fara. In ya jiƙa yumɓu, sai ya naɗe wando ya shiga tattakawa ba takalmi, tafin ƙafarsa na gano tsakuwa kamar yadda harshe ke gano yashi a tuwo. Ya sunkuya, ya tsince ta, ya yar. Domin tsakuwa ɗaya in ta ɓuya a jikin tukunya, ranar gashi wuta za ta tona asirinta, tukunyar ta tsage. Kuma da ya gama gina tulu, tun yana ɗanye yake zane shi da tsinke. Wata mata ta taɓa ɗaukar busasshen tulu ta ce ya ƙara mata ado a wuya. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce, "Baiwar Allah, kin makara. Wannan ya daina jin magana."

Sai ciwon sukari ya kama shi. Bai yi gardama ba: ya bar sukari a koko, yana shan maganinsa a kan kari. Abu ɗaya ya ƙi. Duk ranar da ya je karɓar magani a ƙaramin asibitin garin, ma'aikaciyar jinya kan ce, "Baba, a cire takalmi in ga ƙafar." Shi kuwa yana kunyar faso da yumɓun da ya zauna a farcensa, sai ya mai da abin wasa.

"'Yata, sukari a jini yake, me ya kai shi ƙasa? Ƙafar nan ta girmi ubanki a bakin aiki."

Ana nan, tukwanensa suka fara fashewa a wuta. Ya zargi ramin da yake haƙo yumɓu. Ya zargi itace, ya zargi iska. Matarsa ce, wadda ke share ɓaraguzan, ta tara masa su a faifai, kowanne da tsakuwa a bakin tsagar.

"Malam, ba iska ba ce. Kana taka su, ba ka ji."

Zuciya ta ɗebe shi, ya tafi asibiti don a wanke shi daga zargi, ya cire takalmi da kansa. Ma'aikaciyar ta ce ya rufe ido, ta riƙa taɓa tafin ƙafar da wani siririn zare mai tauri.

"Baba, ka ji?"

"Ki fara mana."

Ashe ta riga ta gama. Da ta ɗaga babban yatsan, sai ga ɗan tsinin fasasshen kasko ya nutse a nama, gefensa ya yi ja. Bai san ranar da ya taka shi ba. Ta cire, ta wanke, ta ɗaure, ta ce ciwon ya kashe masa jijiyoyin ji, kuma wannan rauni ya fi ƙarfinta. Ta tura shi babban asibitin birni wurin likitan da ya ƙware a ƙafar masu sukari, ta ce kada ya bari makon ya fita, kada kuma ya sake shiga yumɓu.

Ya dubi gabas, ya ga hadari ya fara haɗuwa. Tukunya ba ta bushewa da damina, ga randunan da ya yi wa mutane alkawari. Ya ce a ransa, abin da ba ya zafi ai bai kai ciwo ba, bari a yi gashin ƙarshe tukuna. Ya naɗa tsumma a yatsan, ya koma cikin laka. Ƙafar ba ta yi masa ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ƙudaje ne suka fara sani, sannan hancin matarsa.

A kwance aka kai shi birni, da zazzaɓi, ƙafar ta yi baƙi har idon sawu. Likitan ya duba ya daɗe, sannan ya ce, "Baba, ranar da aka turo ka, wannan aikin wanki ne da ɗauri da hutu. Yau in ba mu rabu da ita ba, za ta tafi da kai."

Aka yanke ta ƙasan gwiwa.

Na gan shi bayan damina, zaune a kan tabarma, sanda a gefe, yana murza yumɓu da yatsun hannu yana laluben tsakuwa, aikin da a da ƙafa ke gamawa kafin hantsi. Kowace safiya matarsa kan ɗora ɗaya ƙafar a cinyarta, ta buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya a hasken rana. Ba ya wasa, ba ya janyewa. A bayansa randunan gashin ƙarshe ne a jere, ba zane ko ɗaya a jikinsu, don gaggawa ba ta bar shi ya yi ba, yanzu kuwa tsinke ba ya kama su.

Baffa, ranar asibitinka ta kusa. Ni zan raka ka, ni zan riƙe maka takalmi. Masu iya magana suka ce: tun ran gini, tun ran zane.